Yadda za ka rage ƙarar janareta da hayaniyar unguwa a gidanka, ka tsira da kunnenka da barcinka

Duk wanda ya zauna a unguwa mai cunkoso a Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ya san abin da ke biyo bayan ɗauke wuta da daddare. Shiru na ɗan lokaci, sai ka ji wani ya ja igiya, inji ya yi tari ya kama. Na gidan baya ya amsa, mai shagon cajin waya ya tayar da nasa, kafin ka ƙirga goma layin ya ɗauka gaba ɗaya. Da asuba 'yan adaidaita sahu su karɓa da hon, da hantsi injin markaɗe, da rana mai walda da mai tallar magani da lasifika a kan mota, ranar Asabar kuma gidan biki. In ka yi ƙorafi a ce maka, "Ai sabo ake yi."

Wannan magana ta sabo ita ce ta fi cutar da mu. Hankali yana iya sabawa, ya daina lura. Kunne da zuciya ba sa sabawa. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu kama da gashi kimanin 16,000 da ake haihuwar mutum da su. Su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Mutumin da ya ce ya saba da ƙarar inji har ba ya jinta, sau da yawa gaskiya ya faɗa ta wata fuskar: jin nasa ne ya ragu. Ita kuwa zuciya, ko kana barci kunnenka a buɗe yake, jiki yana ɗaukar ƙara a matsayin barazana, ya saki sinadaran firgici, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafa hayaniya cikin abubuwan da ke taimaka wa hawan jini da ciwon zuciya, ba ciwon kai da ɓacin rai kaɗai ba. A rahotonta na 2011 ta ce a yammacin Turai kaɗai ana asarar aƙalla shekaru miliyan ɗaya na rayuwa cikin lafiya duk shekara saboda hayaniyar ababen hawa. Can fa ke nan, inda ba a kwana da janareta a bakin taga.

Ga yadda ake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na 1: Ka fara sanin da wa kake faɗa

Kafin ka kashe ko sisi, ka ba kanka mako guda kana saurare. Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abu uku: wace ƙara ce, ƙarfe nawa take farawa ta ƙare, kuma a wane ɗaki ta fi damunka. Za ka yi mamaki. Mutum yakan ɗauka titi ne ya hana shi barci, sai rubutu ya nuna masa cewa injin gidan baya ne daga goma zuwa biyun dare, ko ma nasa injin na kansa.

Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Raɗa tana kaiwa wajen 30, hirar yau da kullum wajen 60. Ma'aunin ba irin na mudu ba ne da za ka ce 80 ninkin 40 ne. Duk ƙarin 3, ƙarfin sautin ya ninka. Duk ƙarin 10, kunne yakan ji kamar an ninka ƙarar sau biyu. Ka riƙe wannan, don zai hana ka raina ƙaramin gyara. In ka rage 10 kacal, ka raba ƙarar biyu a kunnenka.

Lambobin da za su yi maka amfani ba su da yawa. Don barci mai daɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce 30. Don lafiyar kunne kuwa, masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in ta kai 100 minti 15 ne kawai.

Akwai manhajojin auna sauti kyauta da za ka sauke a waya. Ba su kai na'urar gaske daidaito ba, kuma waya ta bambanta da waya, amma suna da amfani guda babba: in ka auna da waya ɗaya, a wuri ɗaya, kafin gyara da bayan gyara, za ka san ko kuɗinka ya yi aiki. Ka auna a kan matashin da kake kwana, ba a tsakar gida ba. In ba ka da wayar, ga awon da ba ya buƙatar caji: ka tsaya nesa da mutum tsawon hannu guda, in sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, wurin ya kai 85 ko ya wuce.

Mataki na 2: Ka fara da naka injin

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba za ka iya zuwa ƙofar maƙwabci da ƙorafi ba alhali naka injin yana girgiza bangonsa. Kuma ƙa'idar wannan aiki gaba ɗaya ita ce: kashe ƙara a inda take fitowa ya fi arha da tare ta a hanya, tare ta a hanya kuma ya fi toshe kunne.

Abu na farko, kira makanike ya duba injin. Wani kaso mai yawa na ƙarar tsofaffin janaretoci ba ta asali ba ce, ta sakaci ce: salansa ta huje ko ta yi tsatsa, noti ya kwance, murfi yana kaɗawa, robobin da injin ke zaune a kansu sun cinye har ƙarfe yana dukan ƙarfe, baƙin mai ya daɗe ba a canja ba. A ɗaure abin da ya kwance, a canja robobin, a gyara salansa ko a sa sabuwa. Wasu masu walda suna jona wa janareta salansar babur ko ta mota; yana rage ƙarar hayaƙi, amma a tabbata bututun bai ƙuntata ba, don in hayaƙi ya rasa hanya injin zai riƙa zafi yana rasa ƙarfi.

Na biyu, raba shi da ƙasa. Injin da aka ɗora kan siminti tsirara yana tura girgizarsa cikin daɓe, daɓe ya miƙa wa bango, bango ya kawo maka ita har gado. Wannan ita ce ƙugin da kake ji a ƙirji ko ka rufe taga. Ka samo tsohuwar tayar mota wajen mai faci, ka kwantar da ita, ka ɗora falanki mai kauri, ka ɗora injin a kai. Ko ka yanka roba mai kauri ka sa a ƙarƙashin kowace ƙafa. A kula injin ya zauna daram, kada ya karkace. Kada kuma ya jingina da bango ko ƙofar ƙarfe.

Na uku, nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da inji, ƙarar tana raguwa da wajen desibel 6. Daga mita 1 zuwa 2 ka samu 6, zuwa 4 ka samu 12, zuwa 8 ka samu 18. A tsakar gida mai katanga ba za ka samu duka ba, saboda bango yana dawo da amo, amma za ka samu mai yawa. Kuɗin da za ka kashe shi ne na ƙarin waya, kuma ka sa mai gyaran wuta ya zaɓa maka mai kauri, don siririyar waya mai tsawo tana zafi tana kuma rage ƙarfin wutar. Ka juya bakin salansa ya kalli fili, ba tagarka ba, ba kuma ta maƙwabci ba. Kwashe ƙara daga ɗakinka ka kai ta bayan ɗakin wani ba gyara ba ne, jawo rigima ne.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi, don nan ne mutane ke mutuwa. Saboda tsoron ɓarayi ko gudun damun maƙwabta, wasu suna shigar da inji cikin zaure, ko kicin, ko ƙarƙashin bene, ko shago su ja ƙofa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ba ta tashin mai barci, ƙara nauyaya masa barcin take yi har ya zarce. Sau nawa muka ji labarin iyali guda an wayi gari an tarar da su duka? Inji a waje yake zama, a inda iska ke kaɗawa, kuma shawarar hukumomin lafiya ita ce ya yi nisan mita 6 daga ƙofa da taga in akwai hali. In ɓarawo kake tsoro, keji da sarƙa da kwaɗo za ka nema, ba ɗaki ba.

Na huɗu, yi masa shinge. Sauti yana son hanya miƙaƙƙiya. In ka gina ɗan bango tsakanin inji da tagarka, wanda ya fi injin tsayi sosai har ba ka hango shi daga tagar, ka rage wani abu da kunne zai shaida. Bulo ya fi, musamman in an cika ramukansa da yashi ko kwaɓin siminti, domin nauyi ne ke tare sauti. Langa-langa ba ta tare abin kirki, ƙara amo ma take yi.

Wanda ke da hali ya gina masa ɗan ɗaki na bulo shi kaɗai a waje, amma da sharuɗɗa. A bar fili a kewayen injin ta kowane ɓangare yadda iska za ta zagaya kuma makanike zai iya sa hannu. A bar kafar shigar iska a ƙasa, kafar fitar zafi a sama ta ɗaya ɓangaren. Kafofin kada su zama miƙaƙƙu. A sa wa kowace ɗan bango a gabanta yadda iska za ta yi kwana kafin ta shiga, kamar yadda zauren gidan gargajiya yake hana na waje hango tsakar gida. Iska tana yin kwana ba wahala, sauti kuwa yana rasa ƙarfi a kowace kwana. A fitar da bututun hayaƙi waje gaba ɗaya. In za a liƙa wani abu a ciki don shanye amo, a nemi irin audugar gilashi ko ta dutse da ake sa wa gini, wadda ba ta kamawa da wuta. Kada a kuskura a liƙa soson katifa ko kwali kusa da inji mai zafi da fetur. Bayan an gama, a kunna shi na rabin awa a duba. In ɗakin ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, kafofin sun yi kaɗan, a ƙara.

Sai lokaci. Ba kowane dare ne ke buƙatar inji har asuba ba. Fanka mai caji, fitila mai caji, da ƙaramin sola da batir sun isa su riƙe ɗaki daga sha ɗaya zuwa safe. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mutane da yawa sun koma haka don aljihunsu, sai ga shi unguwa ta samu barci a matsayin gyara.

Mataki na 3: Toshe kafofin da ƙara ke shigowa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ƙara. Duk inda iska ko haske zai wuce, sauti zai wuce. Da rana ka rufe ɗaki, ka kashe fitila, ka duba inda haske ke leƙowa: ƙarƙashin ƙyaure, gefen firam ɗin taga, ramin da aka huda don wayar eriya ko bututun na'urar sanyaya ɗaki, tsagar da ke tsakanin bango da silin. Waɗannan su ne ƙofofin. A cike na bango da siminti, a liƙa roba a gefen ƙofa da taga, a sa wa ƙasan ƙyaure roba mai shara, ko a naɗe tsohon bargo a tare. Aikin yini guda ne, kuma a ganina babu kuɗin da ya fi wannan dawo da riba.

Taga ita ce mafi rauni a ɗaki. Mai gilashi jere-jere da ake buɗewa kamar fuka-fuki ba ta tare abin kirki ko an rufe ta. Mai zamewa ta ɗan fi ta. Wadda ake turawa ta rufu a kan roba ta matse ita ce gaba, in gilashinta mai kauri ne. In ba za ka iya canja duka ba, canja guda ɗaya tak, wadda ke kallon titi ko injin. Ƙofa ma haka: ta katako cikakke ta fi mai rami a ciki nesa ba kusa ba.

Na san abin da za ka ce: wa zai rufe taga a watan Afrilu a Kano? Gaskiya ne. Dabarar ita ce a rufe ɓangaren da ƙara ke zuwa, a buɗe wanda ke kallon tsakar gida, a bar fanka ta juya iskar. Ita kanta fankar tana da wani amfani: sautinta bai-ɗaya ne, yana rufe ƙananan ƙararrakin da ke zuwa ba zato, kuma irin waɗannan ne suka fi farkar da mutum.

Sai sauya zaman kaya, wanda ba ya cin ko kwabo. Janye gado daga bangon titi ko bangon da kuka haɗa da maƙwabci. A wannan bangon ka jingina durowar kaya cike da tufafi, ko kantar littattafai. In gidan yana da ɗaki fiye da ɗaya, a ba jariri da tsoho da mara lafiya da ɗalibi ɗakin da ya fi nisa da titi, falo ya koma gaba. Iyayenmu da suka gina gidajen ƙasa masu kaurin bango, da soro da azara, suka sa zaure a gaba da ɗakunan kwana a can ƙurya, sun riga mu sanin wannan ko ba su taɓa jin kalmar desibel ba. Mu ne muka zo muka sa bulo inci shida da kwano, muka kafa gado a jikin titi. In rufinka kwano ne tsirara, sa silin zai rage maka ƙarar waje da ta ruwan sama da zafi a lokaci guda.

Abubuwa biyu kada su ci maka kuɗi a banza. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa. Ɗan amon cikin ɗaki kawai yake ragewa. Labule mai kauri da darduma ma aikinsu ke nan, suna sa ɗaki ya yi laushi a kunne, amma ba bango ba ne. Haka jeren bishiyoyi guda a ƙofar gida: inuwa ce mai kyau, a dasa, sai dai ba za ta tare hon ɗin tirela ba.

Mataki na 4: Kare kunnen da kansa

Wannan ya fi shafar wanda sana'arsa ce cikin ƙara: mai injin niƙa da markaɗe, mai walda, mai yankan katako, mai buga bulo, ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, ɗan adaidaita sahu, da yaron da ke tsaye gaban lasifika a gidan biki. Auduga da ake cusawa a kunne kusan ba ta yin komai. Abin da ke aiki shi ne matoshin kunne na soso da ake sayarwa a shagunan kayan aikin gini da wasu kemis, kuma yawancin masu amfani da shi ba sa sa shi daidai. Da hannu mai tsabta ka murza shi ya zama siriri. Ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya don hanyar ta miƙe. Ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura ya cika wurin. In ya zauna, za ka ji muryarka ta canja kamar kana magana cikin randa. Ya yi datti ko ya daina kumbura, a jefar. Akwai kuma mai kama da kofi biyu da ake kifawa a kan kunnuwa. Ya fi sauƙin sawa da cirewa, sai dai zufa. Wanda kunnensa ke ciwo ko yake zubar da ruwa kada ya cusa komai sai ya ga likita.

Maigida mai injin niƙa, yaran da ke maka aiki amana ne. Matoshin kunne bai kai kuɗin kwanon masara ba. A riƙa musanya su, wanda ya daɗe a bakin inji ya fita ya huta a inda babu ƙara. Mata masu zuwa markaɗe da goyo kuma, a ajiye roba a layi a koma gefe. Kunnen jariri bai kamata ya yi rabin awa a bakin inji ba.

Sai abin da muke yi wa kanmu da kanmu, wato abin saurare na waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare, kuma ta sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako, yaro 75. A aikace, kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kuma ka riƙa cirewa kana hutawa. Haɗarin ya fi yawa a cikin mota ko kasuwa, inda mutum ke ƙure sauti don ya danne hayaniyar waje.

Mataki na 5: Maganar maƙwabci

Nan ne aikin yake, don bulo da roba ba sa fushi, mutum kuwa yana yi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kada ka je da tsakar dare lokacin da ranka ke tafasa, kada ka aika yaro, kada ka yi habaici ta kan katanga, kada kuma ka fara da rubutawa a zauren WhatsApp na unguwa. Ka same shi da rana shi kaɗai, bayan la'asar misali, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali. Sannan ka kawo maganar a matsayin neman alfarma:

"Alhaji, wata 'yar alfarma na zo nema. Injin nan bakinsa yana kallon tagar ɗakin Hajiya, ga ta da hawan jini, ba ta samun barci. Ko za a ɗan juya shi, ko a matsar da shi wajen rijiya? Ina da tsohuwar taya da za a ɗora shi a kai, wayar da za a ƙara kuma ni zan saya."

Lura da abin da ke cikin wannan magana. Ba ka ce ya kashe injinsa ba, don shi ma zafi yake ji. Ka nemi abu ɗaya ƙarami da zai iya yi yau. Ka ambaci wanda ke cutuwa. Kuma ka ɗauki wani ɓangare na nauyin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mafi yawan mutane ba su san yadda injinsu yake a ɗakin wani ba, don sun riga sun juya bakinsa nesa da nasu. In ya yi musu, gayyace shi ya shigo ya tsaya a ɗakin ya ji da kunnensa.

Mai injin markaɗe ko walda, abincinsa ne, don haka maganar lokaci za ku yi: kada a tayar kafin gari ya waye sosai, a tsaya in dare ya yi. Gidan biki kwana biyu ne, a yi haƙuri da rana, a roƙi uban biki tun kafin ranar cewa mai kiɗa ya sauke sauti in an yi isha da ɗan lokaci, lasifikokin kuma su kalli cikin taro.

Maganar lasifikar masallaci ko coci ita ce mai buƙatar taka-tsantsan, kuma ba mutum ɗaya ke kai ta ba. A samu dattawa biyu ko uku da ke sallah a nan su ga liman da kwamiti. Ba kiran sallah ake magana ba. Ana maganar wa'azi ko karatu ko kaset da ake saki a lasifikar waje har tsakar dare alhali mutanen da ke ciki ba su cika sahu biyu ba. Abin da za a roƙa mai sauƙi ne: "Allah gafarta Malam, ko za a bar ta waje don kiran sallah, a riƙa amfani da ta ciki don karatu?" Malamai sun fi mu sanin cewa Annabi (SAW) ya taɓa jin sahabbai suna ɗaga murya da karatu a masallaci ya hana su cutar da juna da hakan, kuma sun san girman haƙƙin maƙwabci. A 2021 hukumomin Saudiyya ma sun taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, suka ce kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Irin wannan roƙo ake kai wa fasto game da addu'ar dare, da ladabi iri ɗaya.

In akwai makaranta a unguwar, a sa ta a gaba cikin hujja. A shekarun 1970 an yi nazari a wata firamare a birnin New York da ke jikin layin dogo, aka tarar yaran azuzuwan da ke kallon jirgin sun koma baya a karatu da watanni, a aji shida kusan shekara guda, idan aka gwada da na ɗaya ɓangaren ginin. Da aka sa roba a layin dogon aka gyara silin ɗin azuzuwan, bambancin ya ɓace. Islamiyyar da ke jikin garejin walda ko tashar adaidaita sahu tana cikin irin wannan hali, ko da babu wanda ya auna.

Mataki na 6: In lalama ta ƙi

Sai a hau mataki-mataki. A koma karo na biyu da wani dattijo da yake jin nauyinsa. In ɗan haya ne, a sanar da mai gidan. Daga nan mai unguwa, kuma ku je ku uku ko huɗu, don ƙorafin mutum ɗaya ana iya kiransa ƙiyayya, na gida huɗu kuwa matsalar unguwa ce. Nan ne littafin nan na mataki na farko zai yi rana: "Ranka ya daɗe, ga kwanakin, ga lokutan, ga abin da muka roƙa, ga amsar da aka ba mu." In ya gagara, akwai dagaci da hakimi, akwai kuma ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Doka ma tana nan, ko da mutane da yawa ba su san da ita ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, tana da ƙa'idojin hayaniya na 2009. A unguwar zama zalla iyakar ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da shaguna 55 da 45. Dare kuma a wurinsu daga 10 ne zuwa 6 na safe. A Legas hukumar muhalli ta jihar, LASEPA, takan rufe otal-otal da gidajen rawa da wuraren ibada a kan wannan. In za ka kai ƙara, ka rubuta takarda mai kwanan wata, ka sa adireshi da irin ƙarar da lokutanta, waɗanda abin ya shafa su sa hannu, ka ajiye kwafi. Kotu tana karɓar ƙarar damun maƙwabta, amma ni dai ba na gaggawar ba da wannan shawara: shari'a tana ƙarewa, maƙwabtaka ba ta ƙarewa, kuma shi ne wanda zai fara fitowa in gobara ta tashi a gidanka.

Mataki na 7: Sake awo, sannan ka duba kunnenka

Bayan mako biyu, koma kan matashin nan da wayar nan a lokacin nan ka sake aunawa. In lambar ta sauka, ka san abin da ya yi aiki. In ba ta motsa ba, akwai kafar da ka tsallake, galibi silin ko ƙasan ƙofa.

Shi kuma kunne, ga alamun da ba a jira da su: kana jin wani sauti kamar kukan gyare ko shuuu alhali babu komai, ka dawo daga aiki ko biki kunnenka ya toshe kamar an zuba ruwa, kana jin magana amma ba ka rarrabe kalmomi, musamman cikin taro, iyali suna cewa ka cika ƙure rediyo, yaro ba ya juyowa in an kira shi, ko maganarsa ta yi jinkiri. A je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a nemi gwajin ji. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen, haka sauran asibitocin koyarwa, kuma a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Gwajin ba ya ciwo, saurare ne kawai da danna maɓalli. Ka gaya wa likita irin aikinka da magungunan da ka sha ko aka yi maka allurarsu, don wasu, irin su kwinin da jentamaisin, suna iya taɓa ji. Kafin ka je, kada a ɗiga mai ko ruwan ganye, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, a je asibiti a ranar, domin maganinsa ya fi kamawa a kwanakin farko.